Daga Layin Karɓar Abinci Zuwa Zauren Majalisa: Ɗalibai da Binciken Talauci

A watan Afrilun 1993, wani ɗan Majalisar Wakilan Amurka mai suna Tony Hall, mai wakiltar birnin Dayton a jihar Ohayo, ya shiga yajin cin abinci. Kwana 22 ya yi, ruwa kaɗai yake sha. Abin da ya fusata shi shi ne majalisar ta rushe kwamitinta na musamman kan yunwa da sunan tsuke bakin aljihu. Kwamitin ba ya yin doka. Aikinsa bincike, da kiran shaidu, da tono abin da sauran kwamitoci suka kau da kai daga gare shi. An kafa shi a 1984 bisa jajircewar Mickey Leland, baƙar fata ɗan majalisa daga Texas, wanda ya rasu a haɗarin jirgin sama a ƙasar Habasha a 1989 yana kan hanyarsa ta zuwa wani sansanin 'yan gudun hijira kusa da iyakar Sudan. Yajin Hall bai dawo da kwamitin ba. Abin da ya haifar shi ne wata cibiya mai zaman kanta a birnin Washington, Cibiyar Majalisa Kan Yunwa, wadda ta ɗora wa kanta renon matasan da za su ga yunwa da idonsu a cikin unguwanni, sannan su koyi yadda ake rubuta doka.

Shirin da cibiyar ta fi suna da shi yana ɗauke da sunan Bill Emerson, ɗan jam'iyyar Republican daga Missouri, wanda ya yi aiki tare da Hall, ɗan Democrat, kafin rasuwarsa a 1996. Kowace shekara ana zaɓar matasa kimanin 20 ko ƙasa da haka, akasarinsu ba su daɗe da fitowa daga jami'a ba, a ɗauki nauyinsu na wata 11. Bayan ɗan horo sai a rarraba su cikin ƙasa. Wani a tura shi rumbun abincin agaji na wani birni, wata kuma ƙungiyar da ke taimaka wa mutane cike takardun neman tallafi, wani can ƙauye. Su yi kusan rabin wa'adinsu a can, kowa ya rubuta rahoto kan matsalar da aka ɗora masa. Daga nan a dawo da su babban birni, a saka kowa a wata cibiyar nazarin manufofi, ko ƙungiyar fafutuka, ko ma'aikatar gwamnati, ya ƙarasa sauran watannin. Akwai takwaran wannan shiri mai sunan Leland, na shekara biyu, wanda ke tura matasa ƙasashen waje. Jami'o'i ma suna da irin nasu. Jami'ar Washington da Lee a jihar Virginia ta soma shirin Shepherd a 1997, inda ɗalibi ke haɗa darussan aji kan talauci da aikin mako takwas lokacin dogon hutu.

A ganina darajar wannan tsari duka tana cikin jerinsa ne: a fara da unguwa, a ƙare da ofis. Matashin da aka fara zaunarwa a ofis yakan koyi yaren ma'aikata, ya iya jera alƙaluma, har ya soma ganin talaka a matsayin adadi a cikin jadawali. In daga baya aka kai shi unguwa, abin da ya riga ya yarda da shi kawai zai je nema. Wanda kuwa ya fara yin wata biyar yana zaune kusa da matar da aka cire daga tallafi saboda wasiƙar hukuma ta je tsohon gidan da aka kore ta, in ya zo yana karanta sakin layin da ya ce dole a sabunta rajista ta wasiƙa, ya san abin da sakin layin nan ke yi wa mutane. Gani ya kori ji.

Ba sabon tunani ba ne. A 1884 wani limamin coci, Samuel Barnett, da matarsa Henrietta suka buɗe gidan Toynbee Hall a Whitechapel, unguwar talakawan gabashin Landan, suka gayyaci matasan da suka gama jami'o'in Oxford da Cambridge su zo su zauna a ciki, su koyar da dare, su yi maƙwabtaka da leburorin tashar jiragen ruwa. Wasu mazauna gidan sun taimaka wa Charles Booth a babban bincikensa na gida-gida, wanda ya nuna cewa kimanin kashi 30 cikin ɗari na mutanen birnin da ya fi kowane birni arziki a duniya a lokacin suna cikin talauci. A 1903 wani saurayi ɗan shekara 24, William Beveridge, ya zo gidan. A nan ya lura cewa yawancin waɗanda ake zagi da lalaci mutane ne da ke taruwa a ƙofar tasha kowace asuba, a ɗauki kaɗan aikin yini, a sallami sauran. Ya gane cewa laifin na tsarin ɗaukar aiki ne. Shi ne ya rubuta rahoton 1942 da aka gina tsarin jin daɗin jama'a na Birtaniya a kansa. Wanda ya aiwatar da shi, Firaminista Clement Attlee, shi ma ya yi ƙuruciyarsa yana aiki a waɗannan unguwanni, har ya riƙe sakataren Toynbee Hall a 1910. Gwamnatinsa ce ta buɗe hukumar kula da lafiya kyauta a 1948. Tsakanin zuwan Beveridge unguwar da buɗe hukumar akwai shekara 45. Duk wanda ke auna irin wannan shiri da abin da ɗalibi ya cim ma cikin watanninsa kaɗan ya kamata ya riƙe wannan lissafi.

Wata Ba'amurkiya, Jane Addams, ta ziyarci gidan, ta koma Chicago ta buɗe irinsa a 1889. Daga cikin waɗanda suka zauna a nata gidan akwai Florence Kelley, wadda ta bi ɗakunan ɗinki na unguwar tana rubuta shekarun yaran da ke aiki a ciki. A 1893 jihar Illinois ta haramta ɗaukar yaro ƙasa da shekara 14 aiki a masana'anta, aka naɗa Kelley shugabar masu duba masana'antu.

To, wane ilimi ne ake samu a unguwa wanda ba ya cikin littafi? Misalin da ya fi bayyana shi a wurina shi ne tarihin takardun sayen abinci na Amurka. Dokar 1964 ta tanadi cewa iyali matalauta za su kawo wani adadi na kuɗinsu, a ba su takardun da suka fi kuɗin daraja, su sayi abinci da su. A kan takarda tsarin ya yi kyau, domin ya nuna talaka ma ya sa nasa. Amma a yankin noman auduga na Mississippi, inda injuna suka raba baƙaƙen fata leburori da aikinsu, akwai gidajen da ko sisi ba ya shiga cikinsu. Da gundumomi suka daina rabon tsabar abinci suka koma tsarin takardu, waɗanda suka fi kowa talauci su ne suka faɗo daga shirin, don ba su da kuɗin sayen takardar. Wata matashiyar lauya 'yar shekara 27, Marian Wright, ita ce ta faɗa wa sanatoci haka a 1967, ta kuma kai Sanata Robert Kennedy gida-gida ya ga yaran da idonsa. Duk da haka sai a 1977 aka soke sharaɗin biyan kuɗin. Layi ɗaya ne a cikin doka, amma shekara goma aka yi ana fama kafin a goge shi.

Marian ɗin ce ta kafa Asusun Kare Yara a 1973. Aikinsu na farko ya taso ne daga wata tambaya da ƙidayar 1970 ta bari babu amsa: yara kusan miliyan biyu da suka isa makaranta ba sa zuwa, su wane ne? Ta tura matasa, cikinsu har da wata sabuwar lauya mai suna Hillary Rodham, suna ƙwanƙwasa ƙofofi suna tambaya. Suka tarar da yawa daga yaran makafi ne, ko kurame, ko guragu, ko masu wata larura da makarantu suka ƙi karɓa. Rahoton ya fito a 1974, yana kuma cikin abubuwan da suka ingiza dokar 1975 da ta wajabta wa makarantun gwamnati karɓar yara masu naƙasa. Ƙidaya ta ba da adadi, amma sai da aka taka aka je kafin a san dalili. Haka Matthew Desmond, yana ɗalibin digirin digirgir, ya tare a unguwannin talakawan Milwaukee a 2008 da 2009, ya gano cewa korar 'yan haya, wadda kusan babu hukumar da ke ƙirga ta a matakin ƙasa, tana jefa mutane cikin talauci: a rasa gida, a rasa aiki, yaro ya bar makarantarsa. Daga baya ya kafa cibiya a Jami'ar Princeton da ta tattara miliyoyin takardun shari'ar kora daga kotuna.

Rabi na biyu na horon, wato na ofis, ba shi da armashi a ido, kuma a nan ne matasa da yawa ke gane cewa kishi kaɗai ba ya isa. Aikin ya ƙunshi karanta daftarin ƙa'ida mai shafi ɗari da ma'aikata ta fitar don jin ra'ayin jama'a, a gano jimlar da za ta cire mutum dubu nawa daga tallafi, a rubuta amsa kafin wa'adi ya cika. Ya ƙunshi taƙaita binciken shekara uku a shafi biyu, domin hadimin ɗan majalisa ba zai karanta na uku ba. Ya ƙunshi rarraba alƙaluma mazaɓa-mazaɓa, saboda ɗan majalisa ya fi jin "gidaje kaza a mazaɓarka" da jin adadin ƙasa baki ɗaya. Sai kuma sanin kalanda. Shirin tallafin abinci na SNAP, wanda mutum kimanin miliyan 40 ke ci daga gare shi, yana cikin babbar dokar noma da ake sabuntawa kusan duk shekara biyar, kuma shi ne ke cinye fiye da kashi uku cikin huɗu na kuɗinta. Wanda ya kawo hujjarsa bayan kwamiti ya rufe daftari sai ya jira zagaye na gaba.

Irin nasarar da ake samu a wannan fage ba ta cika fitowa a kanun labarai ba. A da, kowane iyali sai sun cike fom kafin ɗansu ya ci abinci kyauta a makaranta. Wasu iyayen ba sa cikewa, wasu yaran kuma sun gwammace su yini da yunwa da a gane su a layin 'ya'yan talakawa. Dokar 2010 ta ba makarantar da aƙalla kashi 40 cikin ɗari na ɗalibanta an riga an san iyayensu suna karɓar tallafi damar ciyar da kowa kyauta ba tare da fom ba. A 2023 aka sauko da ma'aunin zuwa kashi 25. Bayan an yi dokar ma sai da aka bi gundumomi ɗaya-ɗaya ana yi wa shugabannin makarantu lissafi don su yarda su shiga. Irin aikin da ƙungiyoyin yaƙi da yunwa ke ɗora wa matasansu ke nan.

Akwai wata igiya da ke jan matashi ɓangare biyu a nan, kuma ban ga amfanin ɓoye ta ba. Mai bincike wajibinsa ya faɗi abin da ya gani ko da bai yi masa daɗi ba. Mai fafutuka kuwa ya riga ya san inda ya dosa, hujjar da za ta kai shi yake nema. In aka haɗa su a jikin mutum ɗaya ɗan shekara 23, wanda ke ƙaunar ƙungiyar da ta karɓe shi, jarabar zaɓen alƙaluman da suka dace da buƙata tana da ƙarfi. Labarin ƙananan basussuka ya isa izina. Bayan Muhammad Yunus da bankin Grameen sun samu kyautar Nobel a 2006, duniya ta ɗauka an gano maganin talauci. A 2015 aka wallafa sakamakon gwaji shida da aka yi a Indiya, Habasha, Maroko, Mexico, Mongoliya da Bosniya, inda aka kwatanta waɗanda aka ba damar rance da waɗanda ba a ba ba. Rancen ya taimaki wasu wajen faɗaɗa sana'a, amma bai fitar da gidaje daga talauci yadda aka yi ta yayatawa ba. Da masu binciken sun rufe wannan don kare shirin da suke so, da an ci gaba da zuba kuɗi a inda ba zai yi abin da ake fata ba, talakan da aka ce ana yi dominsa shi zai yi asara. Ni dai ina ganin shirin horo da bai koya wa ɗalibi yadda zai kai wa shugabansa sakamakon da shugaban ba ya so ba, bai gama aikinsa ba. Ƙungiyar da aka taɓa kamawa da kumbura adadi sau ɗaya, shekaru za ta yi ba a sake yarda da ita ba, har a ranar da take da gaskiya.

Abin da ya fi wannan ɗaci shi ne hujja na iya cika, ta tabbata, a kuma ƙi aiki da ita. A 2019 kwamitin masana na ƙasar Amurka ya fitar da babban rahoto kan hanyoyin rage talaucin yara da rabi, kuma ba iyaye kuɗi kai tsaye yana cikin hanyoyin da suka fi ƙarfi. A 2021, cikin annobar korona, aka gwada. Gwamnati ta ɗaga tallafin yara zuwa dala 3,600 a shekara ga yaro ƙasa da shekara shida, da dala 3,000 ga manyansu, ta haɗa da iyalan da a da ba sa samun cikakken tallafin saboda kuɗin shigarsu ya yi kaɗan, ta kuma riƙa biya wata-wata daga Yuli zuwa Disamba. Bisa ma'aunin Hukumar Ƙidaya da ke lissafa tallafi, talaucin yara ya sauko daga kashi 9.7 a 2020 zuwa kashi 5.2 a 2021, mafi ƙanƙanta da aka taɓa gani. Majalisar Dattawa ba ta sabunta shirin ba. A 2022 adadin ya koma kashi 12.4. Babu wani binciken da ya rage a yi. Ƙuri'a ce ba ta kai ba.

Wannan ya kamata kowane matashi mai shiga fagen ya sani tun ranar farko, don kada ya karaya a rana ta ɗari. Bincike yana nuna abin da zai yi aiki, amma rabon dukiyar ƙasa magana ce ta iko, kuma talaka ba shi da kamfanin da ke biyan masu kamun ƙafa a majalisa. Ƙungiyoyin agaji a Amurka doka ta taƙaita musu yawan kamun ƙafar da za su yi, ta hana su mara wa ɗan takara baya. Ƙirgar kanta ma ba ta tsira ba. Daga 1995 Ma'aikatar Noman Amurka ta riƙa auna ƙarancin abinci a gidaje kowace shekara, kuma rahotonta kan shekarar 2023 ya nuna kashi 13.5 na gidaje, wato mutum kimanin miliyan 47, sun yi fama da shi. A Satumban 2025 ma'aikatar ta sanar da cewa za ta daina fitar da rahoton. In babu ma'auni, duk wanda ya ce yunwa ta ƙaru sai a ce masa ra'ayinsa ne.

Sai tambayar da ta fi damuna: su wa ke samun waɗannan gurabe? Shekara da shekaru yawancin ayyukan koyon aiki a Washington ba a biyan ko kwabo. Birni ne mai tsadar haya, don haka wanda iyayensa ke iya ciyar da shi wata uku ko shida shi ke shiga, shi ke yin sanayya, shi ne kuma bayan shekara 15 ke rubuta dokar tallafi. Sai a 2018 majalisar ta ware kuɗin biyan ɗaliban da ke koyon aiki a ofisoshinta, bayan matsin lambar wasu matasa da suka ɗanɗana wahalar, fadar shugaban ƙasa kuwa sai a 2022. Shirin Emerson yana biyan alawus, yana kuma neman waɗanda suka tashi a gidan da aka taɓa kwana da yunwa. Wannan ya wuce maganar adalci ga mai neman gurbi, ya shafi ingancin binciken kansa. Yarinyar da ta taɓa raka mahaifiyarta ofishin tallafi ta san dalilin da mutum zai cancanta ya kuma ƙi nema: kuɗin mota, yinin aikin da za a rasa, kallon da ma'aikaci zai yi masa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ko da an gyara wannan, akwai sauran nauyi. Ɗalibi ya zo wata biyar, mutane sun buɗe masa cikinsu, sun gaya masa abin da ba sa gaya wa dangi. Ya tafi da labarin, ya samu digiri, ya samu aiki. Su kuma fa? A Philadelphia, a 2008, wata malamar Jami'ar Drexel, Mariana Chilton, ta gwada wata hanya. Ta ba iyaye mata 40 kyamara su ɗauki rayuwarsu da kansu, daga baya su ne suka je gaban 'yan majalisa da hotunan suka yi magana da bakinsu. Wannan bai kawar da bambancin da ke tsakanin mai bincike da wanda ake bincike a kansa ba, amma ya mayar da ɗalibi matsayin da ya dace da shi, wato mai share hanya da shirya takardu, mai maganar kuwa yana nan da ransa.

A nan ne batun ya iso ƙofarmu, domin mu ma ana yin wannan bincike a kanmu, da jimawa. Tun 1963 wata cibiyar nazarin raya ƙasashe ta Landan, ODI, ke tura matasan masana tattalin arziki su yi shekara biyu a ma'aikatun ƙasashen Afirka da wasunsu, kuma da yawansu sun zama manya a hukumomin duniya. Baturiya Polly Hill ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a 1967, ta nuna a littafinta na 1972 yadda talakan manomi ke sayar da hatsinsa da arha da kaka, ya saya da tsada da damina, ya tafi ƙodago a gonar wani daidai lokacin da tasa ke neman noma. Kowane ɗan ƙauye ya san wannan, amma ita ce ta rubuta, sunanta ake ambata. Daga 2013 zuwa 2019 an gudanar da shirin ba mata masu ciki naira 3,500 a wata a Jigawa da Zamfara, da kuɗin gwamnatin Birtaniya, kuma binciken da ya bi shirin ya nuna raguwar tsumburewar yara. A Nuwamban 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce 'yan Nijeriya miliyan 133, kashi 63 cikin ɗari, suna cikin talauci ta fuskoki da dama, kashi 65 na wannan adadi a Arewa suke, Sakkwato tana da kashi 91, Ondo kashi 27. A irin waɗannan bincike, masu shiga gidaje da kwamfutar hannu, su gaisa, su nemi izinin maigida, su juya tambayar zuwa yaren da tsohuwa za ta gane, 'ya'yanmu ne da suka gama jami'a. Rabin farko na horon suna yin sa a kullum. Rabi na biyu ne babu mai ba su: ba su ke nazarin alƙaluman ba, sunansu ba ya kan rahoto, ba a kai su inda ake yanke shawara.

Kuma mun ga abin da matashi ke iya yi in ya haɗa biyun. Bayan gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010, garin Bagega ya daɗe yana jiran kuɗin tsabtace ƙasarsa da gwamnatin tarayya ta yi alkawari. Hamzat Lawal da abokansa matasa suka je garin, suka tattara shaida, suka bi sawun kuɗin har Abuja, tare da matsin da likitocin agaji da wasu ƙungiyoyi ke yi. A farkon 2013 aka saki kuɗin.

Kayan haɗa irin wannan shiri muna da su a warwatse. Hidimar ƙasa tana nan tun 1973, tana tura dubban matasa ƙauyuka shekara guda, sai dai ba a tambayarsu abin da suka gani. Sassan nazarin tattalin arziki da zamantakewa a Zariya, Kano, Sakkwato da Maiduguri suna fitar da kundin kammala karatu duk shekara, yawanci a kan matsalolin garuruwan da ɗaliban suka fito, su ƙare a kan kanta. Jihar Kaduna ta soma shirin horo na Kashim Ibrahim a 2018, wanda ke saka matasa a ma'aikatu na shekara guda, ko da yake koyon mulki ya sa a gaba. Abin da ya rage shi ne a haɗa: matasa kaɗan, alawus da zai ba ɗan talaka damar shiga, malamin da zai duba ingancin aikin, watanni a ƙaramar hukuma, sannan watanni a ma'aikatar kasafi ko kwamitin Majalisar Dokoki. Dole kuma a sa mata da yawa a ciki, domin a gidajenmu namiji baƙo iyakarsa zaure, alhali lissafin abin da aka dafa da abin da aka rasa yana hannun matan cikin gida.

Aikin farko ma yana jira. A Yulin 2023 Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa, wadda gwamnoni ke ciki, ta ce ba ta amince da sahihancin rajistar talakawa ta ƙasa ba, rajistar da aka yi shekaru ana haɗawa, wadda kuma da ita ake rabon tallafin kuɗi. An yi ta musu a rediyo, masu yabo da masu kushe, alhali tambayar tana da amsa. A ɗauki jerin sunayen mazaɓu kaɗan a ƙananan hukumomi daban-daban, a bi gida-gida a ga wane ne yake nan, wane ne ya rasu ko ya ƙaura, wane ne aka sa bai cancanta ba, wace bazawara mai marayu aka tsallake, kuma me ya sa. A rubuta sakamakon a shafi biyu a kai wa kwamitin kasafi kafin ya zauna sauraron ra'ayin jama'a. Kwafi na biyu kuma a rubuta shi da Hausa, a koma da shi mazaɓar, a karanta a ƙofar mai unguwa a gaban mutanen da suka amsa tambayoyin, su gyara inda aka yi kuskure kafin a buga.